KAFIN YARONKA YA KOMA LEKOL

Ya mai karatu, ruwa ya kusa ɗaukewa. Hatsi ya nuna, an fara karya kara, mata suna tsinkar wake, gujiya kuma tana jiran mai tono. A daidai wannan lokaci ne a ke buɗe lekol a ƙasarmu, watau a farkon watan Oktoba. Wani lokaci a kan jinkirta. A 2024 ambaliya ta rushe gidaje da azuzuwa, mutane da yawa suka fake cikin makarantu, har gwamnati ta ɗage buɗewa zuwa ran 28 ga Oktoba. Amma ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, ranar tana zuwa, yaronka kuwa zai shiga aji da abin da ka ba shi.

Me za ka ba shi? Za ka ce kaye da bik da allo da lakire, da riga in da hali. Gaskiyarka. Amma akwai wani guzuri da ba a saye a kasuwa, shi ne abin da yaro ya ke tunani a kan kansa da a kan karatu sa'ad da ya taka ƙofar aji. Yawancin wannan tunani a tsakar gida ya ke samunsa, daga bakinka da bakin uwarsa. A kan wannan ne mu ke so mu yi nazari tare.

Hatsi da karatu

Mu fara da abin da ya fi kusa. Aikin kaka yana da yawa, hannu kuwa kaɗan ne. Maigida ya kan ce, “Bari yaro ya taya ni mu gama ɗaurin dammuna, in mun kai rumbu sai ya tafi. Ai makon fari ba a yin kome.” Mako ɗaya ya zama uku, wani ma sai Nuwamba ta kama.

Ka yi tunani a kan shuka. In ruwan fari ya sauka ka yi sanyin jiki, maƙwabcinka ya shuka, kai sai bayan kwana ashirin, za ka tarad da shi? Gona ɗaya ce, iri ɗaya ne, amma hatsinsa ya riga naka. Haka ajin ya ke. A makonnin fari ne mushe ya ke rarraba wurin zama, ya san fuskar kowane yaro, ya maimaita abin bara domin waɗanda suka manta a lokacin hutu. Wanda ya zo a makare ya kan sami wuri a can baya, an riga an wuce abin da zai taimake shi. Ya ga 'yan'uwansa suna ɗaga hannu, shi bai san abin da a ke tambaya ba. Daga nan sai ya ce a ransa, “Ni ba ni da kai.” Alhali kwanaki ne kawai suka kuɓuce masa.

Akwai kuma abin da ya koya ba tare da ka faɗa masa ba. Ya gane cewa a gidansu lekol abin da a ke yi ne in ba wani aiki. Wannan darasi ya fi na mushe zama a kansa.

Ba a ce yaro kada ya je gona ba. Ɗan manomi ya kamata ya san hauya da lauje, karatu kuma ba ya hana wannan. Akwai Asabar, akwai yamma bayan an tashi. In aikin ya fi ƙarfinka, ka nemi gayya wurin 'yan'uwa, ku taimaki juna gona gona, ku bar yara su tafi ran da aka buɗe.

Abin da ka ke faɗa masa

Yanzu ga babbar magana. A ce akwai magidanta biyu a gari ɗaya, kowanne yana da ɗa wanda bai ci jarrabawar bara ba, zai maimaita aji. Na fari ya ce wa ɗansa a gaban mutane, “Kai jaki ne, asarar kuɗin kaye kawai mu ke yi. Dubi ƙanwarka.” Na biyu ya kira nasa su biyu kaɗai, ya ce, “Bara ba ta yi kyau ba. Nuna mini inda ya gagare ka, lissafi ne ko karatu? Bana za mu fara da can.” Dukansu biyu sun ji zafin abin. Amma yaron fari zai koma aji da suna sabo, ya kuwa san jaki ba ya zama doki kome ƙoƙarinsa. Don me zai wahala? Yaro na biyu zai koma da aiki a gabansa, aiki kuwa abu ne da a ke iya gamawa.

Masana sun gwada wannan. A 1998 waɗansu malamai biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka ba yara masu shekara goma zuwa sha ɗaya tambayoyi masu sauƙi. Da suka gama, aka yabi waɗansu a kan suna da basira, waɗansu kuma aka yabe su a kan sun yi ƙoƙari. Sa'an nan aka ba su duka tambayoyi masu wuya waɗanda suka kā da su. Waɗanda aka yaba wa basira suka karaya da sauri, da aka sake ba su masu sauƙi ma sai suka kasa yin yadda suka yi da fari. Da yawa cikinsu har suka ƙara wa makinsu da ƙarya sa'ad da aka ce su faɗa wa waɗansu yara. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka daure, aikinsu ya ƙaru.

Ka ga ashe yabo ma yana iya yin ɓarna. In kullum kana cewa, “Wannan ɗa nawa haziƙi ne, ba ya ko buɗe kaye,” ran da ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa zai ji tsoro kada a gane shi, sai ya ɓoye. Gara ka yabi abin da ya yi da hannunsa: “Na ga ka zauna kan lissafin nan har ka same shi. Madalla.” Wannan ba laya ba ce. Magana mai daɗi ba za ta maye gurbin malami mai zuwa aiki ba, ko littafi, ko abinci a ciki. Amma ita ce abin da ke hannunka, ba ta kuwa cin ko dala.

Mutanen Maradi suna da misalin wannan a gonakinsu. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dashen itatuwa suna mutuwa. Wata rana ya tsaya a kan hanya ya dubi ƙananan tsirai da ke fitowa a gonaki, waɗanda manoma su ke sarewa kowace shekara kafin shuka. Sai ya lura ba ciyawa ba ce. Kututturan itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu tana da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da su ke bukata shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a rage sauran, a tsare su daga gatari da awaki. Wannan shi ne sassabin zamani, wanda ya mai da gawo da kalgo da sabara cikin gonaki masu yawa daga Maradi har Damagaram. Yaron da ya maimaita aji kamar kututturen nan ya ke. Kada ka dubi abin da ya bayyana a sama kaɗai. Ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da zai ƙarfafa bana, ko haruffa ne ko jadawalin ninkawa, ka tsare masa lokacin yinsu. Icce ba ya yin inuwa a shekara guda, ka sani.

Ɗan sabon shiga

In ɗanka zai shiga ajin fari ne, watau CI, ka tuna da abin da ke jiransa. Shekara shida ko bakwai yana jin Hausa, yana ba da labari, yana tatsuniya, yana ƙirga awaki. A lekol da yawa kuwa zai ji mushe yana magana da Faransanci tun ranar fari. Zai yi shiru. Shirun nan ba dolanci ba ne. Kai ma in aka kai ka kasuwar da ba ka jin harshenta, bakinka zai mutu. Ka faɗa masa tun kafin ya tafi, “Za ka ji maganar da ba ka gane ba. Kowa haka ya fara, har mushe kansa. Ka kasa kunne, ka dubi bakinsa.” Kada kuma a tsorata shi da lekol. Uwaye da yawa su kan ce wa yaro mai ƙiriniya, “Bari a kai ka wurin mushe ya zane ka.” Yaron da aka yi wa haka shekara biyu, da wace zuciya zai shiga?

Hausarsa ba abin kunya ba ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda a ke fara koya wa yara da Hausa kafin Faransanci, a 2025 kuma aka sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. In kai ko matarka kun iya karanta wannan 'yar takarda, kuna da abin koya masa. Yawancin haruffan iri ɗaya ne. Ka zana masa a ƙasa da tsinke, ka nuna masa harafin farkon sunansa, da na sunan uwarsa. Yaron da ya gane cewa alama a kan allo tana tsaye a madadin sauti ya riga ya haye babban rafi.

Ke uwargida

Ke ce ki ke ganin yaro da asuba. Ciki wofi ba ya riƙe karatu. Ko ɗumame ne, ko kunu, ko ɗan fura, ki ga ya sa wani abu a baki kafin ya fita. Watan buɗe lekol kuma lokacin zazzaɓin sauro ne, gama tafkuna ba su ƙafe ba tukuna. Ki sa su kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi kuwa a kai shi likita a ranar, kada a tsaya jiran gobe. Ki lura kuma ko yana matse ido in yana duban abu mai nisa, ko kunnensa yana ruwa, ko yana fitsarin jini bayan wanka a tafki. Yara da yawa an ce ba su da kai, alhali allon ne ba su gani, ko muryar mushe ce ba ta kai gare su. Ki faɗa wa mushe ya dawo da shi gaba.

Sai zancen 'ya mace, wanda ya fi nauyi. Ɗa namiji ya kan dawo daga lekol ya ajiye jaka ya tafi ƙwallo. 'Ya mace ta dawo ta tarad da turmi da tulu da goyo, watakila da farantin talla. Da dare barci ya kwashe ta a kan kaye. In makinta ya faɗi sai a ce, “Ai dama karatun mace ba ya nisa.” Wa ya hana shi nisa? Binciken da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna cikin mata 100, wajen 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka domin a kare yarinyar da ke karatu, a taimake ta ta ci gaba. Amma doka ba ta shiga tsakar gida ta raba aiki. Ke da maigida za ku yi wannan. Ku sa ɗa namiji ya ɗebo ruwa wata rana, ba zai ragu da kome ba. Kada kuma ku riƙa yin zancen aurenta a gabanta tun tana CM1, gama yarinyar da ta san za a cire ta baɗi ba za ta sa ranta a karatun bana ba. Wannan yarinya ita ce wadda za ta karanta takardar magani wa 'ya'yanta wata rana, ta rubuta lissafin adashe, watakila ma ita ce ungozomar da za ta karɓi haihuwa a garinku.

Ka je ka gani da idonka

Magidanta da yawa ba su taɓa taka filin lekol ba sai in an kira su a kan laifi. Ka je a makon fari. Ka gai da direkta, ka gai da mushen ɗanka ko madam, ka faɗi sunanka. Sau da yawa baƙo ne, an turo shi daga nesa, yana fama da yara masu yawa a aji ɗaya, wani lokaci ma albashinsa ya makara. In ka yi masa barka da zuwa, ɗanka ya tashi daga zama ɗaya cikin taro ya zama ɗan wane. Kada ka zagi mushe a gaban yaro, ko da kana ganin ya yi kuskure. Ka je ka same shi ku yi magana irin ta manya. In kuwa dūka ya yi yawa, ko akwai wani abin da bai dace ba, musamman ga 'ya mace, kada ka yi shiru. Ka kai wa direkta da kwamitin uwayen yara.

Ka dubi ajin kansa. A ƙauyuka da yawa rumfar kara ce, uwaye ne su ke kafa ta bayan an yi girbi. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka mutu. Ran 8 ga Nuwamba na 2021 aka sake yin haka a Maradi, yara fiye da 20 suka rasu, yawancinsu 'yan shekara biyar da shida. In za ku kafa rumfa bana, ku yi mata ƙofa biyu masu faɗi, ku ba da rata tsakanin rumfa da rumfa, ku nisanta ta daga murhun masu tuya. Ku bincika aljihun yara kada a zo da ashana. Ku roƙi mushe ya gwada musu yadda za su fita da sauri ba tare da tattake juna ba. Aikin yini ɗaya ne.

Wani abu kuma da a kan manta: takardar haihuwa. Yaro ya kan yi shekara shida yana karatu, sai an zo rubuta sunayen masu jarrabawa a CM2 a ce ba shi da takarda, a shiga guje-guje. Ka tambaya tun yanzu. In ba a yi masa ba sa'ad da aka haife shi, ka je wurin magajin gari a nuna maka yadda a ke samun wadda ta ke maimakonta.

Kai ɗalibi

In kai ne ka ke karanta wa mahaifinka wannan takarda, to, ga taka. Abin da ya faru bara ya wuce. In ka yi na fari, bana aji sabo ne, ba a ɗauko maki daga bara. In ka yi na ƙarshe, haka nan. Tun 1975 a ke yin kokowar takobi a ƙasarmu, ka kuwa sani ba ɗan kokowar da bai taɓa shan ƙasa ba. Wanda aka kayar ya kan koma gida ya tambayi kansa ta ina aka kama shi, ya gyara, ya dawo baɗi.

In ba ka gane ba, ka ɗaga hannu. Za a yi maka dariya watakila, amma rabin masu dariyar su ma ba su gane ba. Kada ka kwafi aikin wani. Makin da ka sata ba naka ba ne, ran babbar jarrabawa kuwa ba zai zo ya taimake ka ba. Ka zaɓi wanda za ka zauna kusa da shi. Mai yiwuwa kai kaɗai ne Kirista a ajinku, wani ya faɗa maka maganar da ba ta da daɗi. Kada ka rama, kada kuma ka ji kunyar gidanku. Ka gai da kowa, ka ba da aron lakire, ka faɗi gaskiya in an tambaye ka. In abin ya dame ka, ka faɗa a gida.

Kai da ka fara girma, za ka ga samari sun dawo daga cin rani ko daga haƙar zinariya da salula da sabon takalmi, zuciyarka ta ce lekol ɓata lokaci ne. Ka tambaye su labarin waɗanda ba su dawo ba. A Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka mutu. Ba a ce karatu zai ba ka aikin gwamnati ba, da yawa sun gama ba su samu ba, ba za mu ruɗe ka ba. Amma wanda ya iya karatu da lissafi ba a cika cutarsa a awo ko a takardar gona ba, yana kuma iya koyon kowace sana'a da sauri.

Daren jajibere

Daren da za a wayi gari a buɗe lekol, ka tara iyalinka bayan tuwo. Ku duba kayan kowa, a rubuta suna a kan kaye. Ka tambayi kowane yaro abin da ya ke tsoro da abin da ya ke marmari, ka bar shi ya gama magana kafin ka amsa. Ku yi shawara a kan lokacin da za a riƙa bitar karatu kowace rana, da inda fitila za ta zauna. In mai cajin rana ce, a san wanda zai riƙa shanya ta da safe. A wannan ɗan lokaci a kashe rediyo, a ajiye salula, kada kuma a aiki yaro sayen sukari. Sa'an nan ku yi addu'a, ka ambaci kowane yaro da sunansa, ka ambaci malaminsa.

Ko ba ka iya karatu ba, ka ce ya buɗe kaye ya nuna maka abin da suka yi yau, ya bayyana maka da Hausa. In ya iya bayyanawa, ya gane. In ya kasa, ka sa alama a shafin da ɗan tsinke, gobe ya kai wa mushe. Bayan wata guda ka koma lekol ka tambayi mushe yadda yaron ya ke, tun ba a kai ga jarrabawar fari ba.